Freddie Mercury: Ɗan Zanzibar mai zurfin ciki da ya bar rayuwarsa a faifai 18

Idan kana kallon ƙwallo, to ka san muryar mutumin nan ko da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka tuna lokacin da aka hura tashi a wasan ƙarshe, kyaftin ya ɗaga kofi, sai wata waƙar Turanci ta cika filin, 'yan wasa suna rungume juna? Sunanta We Are the Champions, kuma wanda ya rubuta ta ya rera shi ne Freddie Mercury. Haka ma bugun nan na ƙafa sau biyu da tafi ɗaya da 'yan kallo ke yi, wanda yanzu har a TikTok ake ɗora shi kan bidiyo, daga waƙar ƙungiyarsu ya fito, wato Queen. Mutumin ya mutu tun 1991, kafin a haifi yawancinmu, amma da wuya a ce babu daƙiƙa 15 na muryarsa a wayarka ko ta abokinka.

Daƙiƙa 15 ɗin nan fa ba za su gaya maka komai a kansa ba. A can ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ba su yarda da gutsure ba, su dai sai sun mallaki aikin gaba ɗaya, su riƙe shi a hannu. Su ne masu tara faifan garmaho. Idan ba ka san shi ba tambayi kakanka, da shi suka saurari Shata da Ɗan Maraya kafin kaset ya zo ya kore shi. Baƙin faifai ne na roba mai faɗin inci 12, yana juyawa sau 33 da ɗoriya a minti guda, allura tana bin wani siririn layi da aka sassaƙa a jikinsa tana fitar da sauti. Kowane gefe yana ɗaukar minti 20 da 'yan kai, idan ya ƙare sai ka tashi ka juya shi da hannunka. Daga nan ne ma muka gaji kalmar da muke amfani da ita kullum: Bahaushe ya ga abin ya yi kama da faifan rufe ƙwarya ya sa masa suna, yau ga shi muna cewa faifan bidiyo alhali babu wani abu mai zagaye a ciki.

An ɗauka zamaninsa ya wuce, sai ga shi ya dawo. A 2022 Amurkawa sun sayi faifan garmaho miliyan 41, CD kuwa miliyan 33, karon farko ke nan da garmaho ya wuce CD tun 1987. Kuma abin da mai tarawa ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne akwati, wato a haɗa dukkan ayyukan ƙungiyar mawaƙa a kwali ɗaya mai kauri. Na Queen ya fito a watan Satumban 2015 da sunan Studio Collection. Kundin waƙoƙinsu 15 ne a kan faifai 18, kowanne da launinsa, kowanne nauyin giram 180, tare da littafi mai shafi 108. Tsofaffin tef na asali aka koma wa, aka sassaƙa faya-fayan a situdiyon Abbey Road da ke Landan da rabin saurin da aka saba, don kada wani sauti ya kuɓuce.

Abin da ya sa nake son ka bi rayuwar Freddie ta cikin akwatin nan shi ne, kusan nan kaɗai ya yarda a gan shi. Mu da muke sanar da duniya abin da muka ci da rana a status, zai yi mana wuya mu gane irinsa. A kan dandamali babu wanda ya kai shi rawar kai da ƙwalisa, amma yana sauka sai ya koma mutum mai kunya, wanda ba ya son hira da 'yan jarida. Asalinsa, da soyayyarsa, da ciwonsa, duk ya haɗiye. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, shi kam ya riƙe wannan magana har kwana ɗaya kafin mutuwarsa.

Fara da sunan ma, ba nasa ba ne na yanka. Farrokh Bulsara iyayensa suka sa masa, kuma a Afirka aka haife shi, a tsohon garin Zanzibar da ake kira Stone Town, ranar 5 ga Satumba, 1946. Iyayen, Bomi da Jer, 'yan ƙabilar Parsi ne daga Gujarat ta Indiya, mabiya addinin Zoroaster waɗanda kakanninsu suka baro Farisa fiye da shekara dubu da suka wuce. Uban ma'aji ne a ofishin gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya. Yaron yana ɗan shekara 8 aka ɗora shi a jirgin ruwa aka tura shi makarantar kwana ta St. Peter's da ke Panchgani, wani gari kan tsauni ba nisa sosai da Mumbai. Idan ka yi makarantar kwana ka san yadda daren farko yake, to ka ƙara da cewa tsakaninsa da mahaifiyarsa akwai teku guda.

A can ne 'yan makaranta suka fara kiransa Freddie. A can ne kuma suka riƙa tsokanarsa saboda bakinsa, don an haife shi da haƙora huɗu na ƙari da suka turo na gaba waje. Har ya girma ya yi kuɗin da zai iya sayen asibitin haƙori sukutum, bai yarda an taɓa su ba, yana tsoron kada muryarsa ta sauya. Duba tsofaffin hirarrakinsa, za ka ga idan zai yi dariya yana kai hannu baki. Ya koyi fiyano tun yana ƙarami, yana shekara 12 suka kafa ƙungiyar makaɗa ta 'yan makaranta mai suna The Hectics, suna kwaikwayon Little Richard da Cliff Richard. Kuma ga wani abu da masu tara faifansa ke jin daɗin ji: shi ma mai tarawa ne tun yana yaro. Kan sarki yake tarawa, ya gaji abin daga babansa, yana jera su bisa launi da tsari a littafi. Littafin yana nan har yau, gidan tarihin aika wasiƙu na Birtaniya ya saye shi a 1993.

Ya koma Zanzibar a 1963, bai ko gama hutawa ba ƙasar ta kama da wuta. A watan Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kifar da Sarkin Zanzibar, aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa. Iyalin Bulsara suka tattara abin da za su iya ɗauka suka gudu Ingila, suka sauka a Feltham, wata unguwa kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Freddie yana da shekara 17, ɗan gudun hijira, da bakinsa na Turancin Indiya. Bai sake taka Zanzibar ba.

Ya karanta zane a kwalejin Ealing ya gama a 1969. Ya yi dakon kaya a Heathrow. Ya kuma buɗe rumfar sayar da gwanjo a kasuwar Kensington tare da wani abokinsa mai kaɗa ganguna, Roger Taylor. Shi Roger ɗin yana cikin wata ƙungiya mai suna Smile tare da Brian May, ɗalibin kimiyyar taurari wanda ya ƙera jitarsa da hannunsa, shi da babansa, da katakon tsohon murhun ɗaki. Freddie ya zame musu ƙarfen ƙafa, kullum yana bin su wasa yana ba su shawarar da ba su tambaya ba. Da mawaƙinsu ya fice a 1970, sai ya maye gurbinsa. Shi ya raɗa wa ƙungiyar suna Queen, ya sauya nasa sunan zuwa Mercury. A 1971 John Deacon, ɗalibin lantarki, ya shigo ya cike su huɗu, kuma mutum huɗun nan ba su sauya ba har shekara 20.

Tambarin da za ka gani a murfin akwatin, Freddie ne ya zana shi: zakuna biyu, ƙaguwa, aljanu biyu masu fukafukai, da wani tsuntsun almara a sama, in ban da tsuntsun, kowace halitta tana wakiltar ɗaya daga cikinsu. Faifan farko na 1973 ne, wanda suka naɗa cikin dare a situdiyon Trident, a sa'o'in da manyan mawaƙa suka tafi barci. Bai yi kasuwa sosai ba. A jikin kwalinsa, da na waɗanda suka biyo baya, suna rubuta cewa ba su yi amfani da na'urar haɗa sauti ba. Irin wannan alfahari ba za ka taɓa ganinsa a Spotify ba, sai ka juya kwali ka karanta.

Na biyun, Queen II na 1974, shi ne wanda zai fahimtar da kai me ya sa mutane ke kashe kuɗi kan garmaho. Ba su kira gefunan na ɗaya da na biyu ba, sai suka ce farin gefe da baƙin gefe. Farin kusan duk waƙoƙin Brian May ne, masu sanyi da tunani. Baƙin kuwa na Freddie ne daga farko har ƙarshe, labaran dodanni da yaƙe-yaƙe da sarauniyoyi, waƙa tana shiga cikin waƙa ba tsayawa. Idan ka saurare shi a waya, jerin waƙoƙi 11 kawai za ka gani, wannan rabon ya ɓace. Da faifai kuwa, sai farin ya ƙare, allura ta ɗaga, ɗakin ya yi tsit, ka tashi ka juya, sannan ka shiga duniyar ɗaya mutumin. A akwatin 2015 raba shi suka yi gida biyu, faifai ɗaya fari, ɗaya baƙi.

Suna suka fara yi kafin kuɗi. Killer Queen ta kai mataki na biyu a Birtaniya a 1974, amma aljihunsu wayam, saboda irin yarjejeniyar da suka sa wa hannu tun suna neman shiga. Duk matashin da ke waƙa a ɗakinsa yana jiran wani ya ɗauke shi, ya kamata ya san wannan ɓangaren. Da ƙyar suka kuɓuta, kuma Freddie bai yafe ba, waƙar da ta buɗe kundinsu na huɗu zagi ce tsagwaronta ga tsohon manajansu, ko da yake bai kama suna ba.

Kundin na huɗun shi ne A Night at the Opera na 1975, kuma idan da ya faɗi, da Queen ta watse. Kusa da ƙarshen gefe na biyu ne Bohemian Rhapsody take. Minti 5 da daƙiƙa 55, a zamanin da gidan rediyo ba ya son waƙar da ta wuce minti uku. Ba ta da amshi. Ta fara da muryoyi zalla, ta koma fiyano mai taushi, ta faɗa salon opera irin na Italiya, ta rikiɗe kiɗan rok mai zafi, sannan ta lafa. Taron mawaƙan da kake ji a tsakiya mutum uku ne kacal, Freddie da Brian da Roger, suna rerawa suna sake ɗorawa a kan tef ɗaya, har tef ɗin ya siɗe ana hango haske ta cikinsa. Masu harkar suka ce ba mai saka ta. Sai Kenny Everett, wani mai gabatar da shiri a rediyon Capital kuma abokin Freddie, ya samu kwafi ya saka ta sau 14 cikin kwana biyu. Mutane suka cika shaguna suna neman faifan da bai ma fito ba. Da ya fito ranar 31 ga Oktoba, ya yi mako tara a mataki na ɗaya. Me waƙar take nufi? An tambaye shi har an gaji, bai taɓa fassara ta ba.

Waƙar nan ce kuma ta haifar da abin da masu tara kayan Queen ke mafarkinsa. A 1978 kamfanin EMI ya samu lambar yabo ta Sarauniyar Ingila kan fitar da kaya waje, sai ya buga ta a ƙaramin faifai shuɗi, kwafi 200 kacal, kowanne da lambarsa, aka raba wa baƙin liyafa. Yau ɗaya yana kaiwa dubban fam, kuma jabunsa sun yi yawa a kasuwa.

A daidai lokacin da sunansa ke tashi, gidansa yana rushewa. Ya yi shekaru tare da wata budurwa, Mary Austin, wadda ya sani tun yana sayar da gwanjo. A 1976 ya shaida mata cewa yana sha'awar maza, soyayyar ta ƙare a nan, amma ta zama aminiyarsa ta kusa har ƙarshe. Shekarun da suka biyo baya ya yi su cikin sharholiya, musamman a New York da Munich, kafin ya natsu da wani ɗan Ireland, Jim Hutton. Na san yadda mai karatu a nan zai ji wannan ɓangare, amma tarihin mutum ba a yanke masa reshe don ya yi daɗin ji. Shi kansa bai taɓa fitowa fili ya yi bayani a kai ba, kuma iyayensa masu riƙo da al'ada ne.

Faya-fayan tsakiyar akwatin za mu wuce su da sauri. News of the World na 1977 shi ne mai waƙoƙin filin ƙwallon nan biyu, kuma da gangan aka yi su don 'yan kallo su samu abin yi, bayan sun lura jama'a na rera musu waƙa a wajen wasa. The Game na 1980 ya ci Amurka da Another One Bites the Dust, wadda John Deacon ya rubuta kuma Michael Jackson ya matsa musu su fitar da ita daban. Hot Space na 1982 kuwa, gaskiya ni dai ban ga abin sauraro a ciki ba in ka cire Under Pressure da suka yi da David Bowie. Kiɗan disko suka bi, magoya baya suka juya musu baya. Mai tarawa dai ba ruwansa, dole ya mallake shi, don akwati ba ya cika da giɓi.

Akwai tabon da ba a sa shi a murfin akwati, kuma mu 'yan Afirka bai kamata mu tsallake shi ba. A watan Oktoban 1984 Queen ta je ta yi jerin wasanni a Sun City, wani wurin shaƙatawa a yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu. Lokacin mulkin wariyar launin fata na kan ganiyarsa, Mandela na kurkuku, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar. Suka je duk da haka. Hujjarsu ita ce su ba 'yan siyasa ba ne, kuma baƙi da farare ne suka kalle su, har sun ba wata makarantar kurame da makafi gudummawa. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su a baƙin littafi. Ni hujjar ba ta gamsar da ni ba. Mutumin da aka haifa a Afirka, wanda ya san abin da ake nufi da a kore ka saboda launinka, ya fi kowa cancantar ya ce a'a. Bayan shekaru da yawa Roger Taylor ya amsa cewa zuwan kuskure ne.

Wata tara bayan nan sai ga ranar da ta wanke su a idon duniya. Ranar 13 ga Yuli, 1985, aka yi Live Aid a filin Wembley don tara kuɗin agajin yunwar Habasha, farin nan na tsakiyar shekarun 1980 da ya taɓa har yankinmu na Sahel. Mutum 72,000 a fili, ɗaruruwan miliyoyi a talabijin, kowane mawaƙi an ba shi kusan minti 20. Queen ta zauna ta yi atisaye, ta datse waƙoƙi shida suka shiga minti 21. Freddie ya fito da farar singileti da wandon jins, riƙe da guntun sandar makirfo da ya saba yawo da ita. A tsakiya ya tsayar da kiɗa, ya riƙa jefa wa jama'a sauti suna mayar masa, ya ja wani dogo har ka ce numfashinsa zai ɗauke, filin gaba ɗaya ya amsa. Nemi bidiyon ka kalla duka, datar da za ka ƙona ba asara ba ce. A ƙarshen shekarar ne suka fitar da akwatinsu na farko, The Complete Works, faifai 14 cikin fararen kwalaye. Sunan yana nufin cikakken aiki, alhali akwai sauran kundi huɗu a gaba.

Idan fim ɗin 2018 ka kalla, wanda Rami Malek ya ci Oscar da shi, to ka sani sun juya lissafi. Sun nuna kamar ya san yana da cutar kafin Live Aid. A bayanin Jim Hutton, sai a 1987 aka tabbatar masa yana ɗauke da ƙanjamau. Wasansa na ƙarshe da Queen ya riga ya wuce, a Knebworth, ranar 9 ga Agusta, 1986, ba tare da kowa ya san na ƙarshe ba ne.

Daga nan labarin ya koma cikin situdiyo. A wancan zamani cutar hukuncin kisa ce, magungunan da ke danne ta sai a 1996 suka samu, waɗanda yau ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati a Najeriya. Ga kuma ƙyama. Freddie ya gaya wa mutane ƙalilan, ya ce kada a sake tayar da maganar, aiki kawai yake so. Duba murfin The Miracle na 1989, fuskokinsu huɗu ne aka narkar suka zama ɗaya. Duba bayan kwalin, za ka ga sun daina rubuta wane ne ya rubuta wace waƙa, suna sa Queen kawai, bayan shekarun da suka yi suna faɗa kan kuɗin marubuci. Jaridun gulma na Ingila kuwa suka kafa sansani a ƙofar gidansa, Garden Lodge, suna farautar hoton ramarsa. Mu da muke karantar aikin jarida ana koya mana bambanci tsakanin abin da jama'a ke da haƙƙin sani da abin da kawai suke kwaɗayin sani, kuma ban ga misalin da ya fi wannan fitowa fili ba.

Innuendo ya fito a Fabrairun 1991. Waƙar da ta rufe shi, The Show Must Go On, tana da tsayin murya da Brian May ya yi shakkar mara lafiya zai iya kaiwa, sai ga shi ya kai har ya wuce. A ciki akwai ma waƙar da ya yi wa kyanwarsa Delilah, don mutum ne mai son kyanwoyi kamar me. Lokacin CD ya riga ya karɓe kasuwa, kundin ya yi wa garmaho ɗaya tsawo, sai aka daddatse wasu waƙoƙin don su shiga. Sai a akwatin 2015 aka ba shi faifai biyu ya fito cikakke. Bidiyonsa na ƙarshe an ɗauke shi a watan Mayun 1991, aka mai da shi baƙi da fari don a rage bayyanar ramar.

Ranar 23 ga Nuwamba, 1991, ya fitar da sanarwa cewa yana da cutar, ya ce ya ɓoye ne don kare na kusa da shi. Washegari ya mutu a gidansa, yana da shekara 45. Shekara shida bayan haka mu ma muka ga irinta, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya fito ya faɗi abin da ya kashe ƙaninsa Fela. Limaman Zoroaster ne suka yi wa Freddie addu'a da harshen kakanninsa, aka ƙone gawar, aka miƙa wa Mary Austin tokar. Ita ya bar wa gidan da kaso mafi tsoka na dukiyarsa, da amanar kada ta faɗa wa kowa inda ta binne shi. Har yau ba ta faɗa ba. Mutumin da ake ganin ya fi kowa son a kalle shi ba shi da kabarin da za a ziyarta. Zanzibar ma ta daɗe tana kai-kawo a kansa: a 2006 wata ƙungiyar Musulmi ta yi adawa da bikin tunawa da cikarsa shekara 60 har aka soke, a 2019 kuma aka buɗe ƙaramin gidan tarihinsa a Stone Town.

Wataƙila rashin kabarin na cikin abin da ya sa masoyansa ke wawar duk abin da ya taɓa. A Satumban 2023 Mary Austin ta kai kayan gidan Sotheby's, kusan abu 1,400. Ka ga ikon Allah, wanda ya fara da sayar da gwanjo, kayansa sun ƙare a gwanjo. Fiyanonsa ƙirar Yamaha ta tashi fam miliyan 1.7. Takardun da ya rubuta Bohemian Rhapsody da hannunsa sun kusa fam miliyan 1.4, kuma a jikinsu aka ga ya fara sa mata suna Mongolian Rhapsody ya soke. Ɗan mitsitsin matajin gashin bakinsa ya haura fam 150,000. Wannan kam a wurina ya wuce ƙauna ya shiga hauka. Mataji ba zai rera maka komai ba.

Faifai dai yana rerawa, shi ya sa na fi fahimtar mai sayen akwati. Ba abin aljihun ɗalibi ba ne, ga canjin fam, ga kuɗin dako, ga garmahon kanta. Idan Allah ya hore maka wata rana, ko ka tono na kakanka a ƙasan gado, ka sani zafinmu na bazara yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu tana cike layinsa. A tsaye ake jera su, ba a kwance ba, nesa da taga, kuma a gefe ake riƙewa. Kafin nan, babu abin da ya hana ka ɗauki kundi ɗaya a wayarka, ka kashe sanarwa, ka saurare shi daga farko har ƙarshe yadda suka jera shi.

Na ƙarshe a akwatin shi ne Made in Heaven, wanda ya fito a 1995, shekara huɗu bayan mutuwarsa. A watanninsa na ƙarshe yakan tafi Montreux, wani gari a bakin tafki a Suwizalan inda suke da situdiyo, don 'yan jarida ba sa damunsa a can. Ya roƙi abokansa su rubuta masa duk abin da za su iya, shi zai rera, su ƙarasa kiɗan bayan ba ya nan. Yakan zo na awa ɗaya ko biyu, ranar da jiki ya yarda. A watan Mayun 1991 suna cikin naɗar wata waƙa mai suna Mother Love, ya rera baitocin farko da tsakiyarta, sai ya ce ya gaji, zai je ya huta ya dawo ya ƙarasa. Bai sake komawa gaban makirfo ba. Idan ka kai waƙa ta huɗu a kundin, ka kasa kunne wajen baiti na ƙarshe, za ka ji murya ta sauya. Brian May ne ya rera shi.